Kujerar Mota Mai Ɗumi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin a Taɓa Wayoyinta

Duk wanda ke kwana a Garam yana aiki a Abuja ya san sammakon hunturu. Ana sallame sallar asuba, tun gari bai gama wayewa ba, motoci sun fara jerin gwano a hanyar Bwari, wasu kuma su bi ta Sabon Wuse su faɗa babban titin Kaduna su nufi Suleja da Zuba. A Disamba da Janairu sitiyari kan yi sanyi ƙalau, kujerar fata kuwa sai ka ce a kan dutse aka zauna. A 'yan makonnin nan ne mai mota a yankinmu kan tuna da wani ɗan maɓalli da ke kusa da giya ko ƙasan rediyo, mai hoton kujera da wasu lanƙwasassun layuka uku suna tashi sama kamar tururi. Sai ya danna, ya jira, ya ji shiru. Daga nan sai tambaya: me ya lalace, kuma wa za a kai wa?

Ba don mu aka ƙera wannan kujera ba. Yawancin motocin da muke hawa tokumbo ne, ko 'yan Beljiyam kamar yadda bakinmu ya saba, ko da kuwa daga Amurka ko Kanada aka lodo su aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas. A can, inda ruwa kan daskare a kan titi watanni a jere, hitar kujera abin amfanin yau da kullum ce, domin injin mota kan ɗauki lokaci kafin ya yi zafin da zai huro iska mai ɗumi, ita kuwa kujera cikin minti biyu ko uku an fara jin ta a jiki. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da ita a 1966 ga wanda ya yarda ya ƙara kuɗi, sannan a 1972 Saab na ƙasar Suwidin ya mayar da ita kayan da ke zuwa da mota a kujerar direba. Yau Camry da Accord da Highlander da Lexus da Mercedes da dama da ke ajiye a ƙofar gidajenmu suna ɗauke da ita, wasu masu su ma ba su sani ba.

Abin da ya faru da motar yayana a hunturun da ya wuce shi ya sa na ga ya kamata a yi wannan bayani. Yayana yana fama da ciwon baya, kuma ɗumin kujerar nan yana rage masa wahalar tuƙin safe. Ranar da ta ƙi aiki sai ya tsaya wajen wani mai rewaya a bakin hanya. Maigidan ba ya nan, yaronsa ya tarar. Yaron ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro wani shuɗi da ya ƙone, ya sa sabo. Ana danna maɓalli sabon ma ya ƙone. Sai ya feɗe wata tsohuwar waya, ya murɗa sili huɗu ko biyar na jan ƙarfe, ya naɗa a ƙafafun mataccen fiyus ɗin ya mayar. Kujera ta kawo. Ya ce, "Baba, shi ke nan, wannan ba zai ƙara ƙonewa ba." Kwana biyu bayan haka, a hanyar dawowa gida, yayana ya ji ƙaurin roba, ya duba ya ga hayaƙi na fitowa ta tsakanin ƙafafunsa. Allah ya sa ya samu gefen hanya ya kashe motar nan take. Washegari na raka shi wajen wani dattijon mai rewaya a Suleja. Da aka kwance kujerar, sai ga wata waya da ƙarfen da kujera ke zamewa a kai ya goge mata riga, tana taɓa jikin mota. Damin wayoyin da take ciki ya narke kamar tsawon kamu ɗaya, kuma zafin har ya fara lasar wata waya mai rawayar riga da ke gefe. Dattijon ya ɗaga fiyus ɗin da aka naɗa wa waya ya ce, "Alhaji, wancan da ya ƙone gaskiya ya faɗa maka. Yaron ne ya toshe masa baki."

Kujerar da ta ƙi ɗumi ba za ta yi wa kowa lahani a Garam ba. Hannun da ke shiga ƙarƙashinta ba da sani ba, shi ne abin tsoro. Saboda haka ya kamata mai mota ya san yadda abin yake, ko da ba shi zai riƙe fulaya ba.

Idan aka yaye fata ko yadin kujera, kafin a kai ga soso, akwai wata 'yar shimfiɗa mai kama da siririn bargo. A cikinta an ɗinke wata siririyar waya da ke kai da komo kamar tafiyar maciji, a wasu motocin kuma zaren kabon ne aka saƙa. Yawanci shimfiɗar biyu ce, ɗaya a mazauni, ɗaya a majingina. Aikinta irin na hitar dafa ruwa ne: wuta na ratsa wayar, wayar na turjewa, turjiyar na zama zafi. Lissafin ba shi da wuya. Idan batir na ba da volt 12, shimfiɗar kuma turjiyarta om 3 ce, za ta ja amfiya 4, wato wat 48, kusan daidai da ƙwan fitilar gaba guda ɗaya. Kafin wutar ta iso nan sai ta bi ta fiyus, ta bi ta rile, wato ɗan abin da ke haɗa wutar ya yanke ta, sannan maɓalli. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan ƙarfe a cikin shimfiɗar da ke yanke wuta idan zafi ya kai, ya sake haɗawa idan ya huce. A na baya-bayan nan kuwa sanso ne ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, yana aika wa wani ƙaramin birenbos da ke ƙarƙashin kujera labarin zafin, shi kuma yana ƙarawa ko ragewa. Daga ƙarshe sai wayar at, wadda ake ɗaurewa da noti a ƙarfen jikin mota domin wutar ta samu hanyar komawa batir. Duk matsalar da za a samu, tana cikin ɗaya daga waɗannan ne, kuma mai hankali daga mafi arha yake farawa.

Kafin a ce wani abu ya lalace, a tabbatar an gwada shi yadda ya kamata. A motoci da yawa hitar ba ta aiki sai inji na tafiya, murɗa makulli rabi bai isa ba. Wasu motocin Jamus kan rage wa hitar kujera wuta ko su yanke ta da kansu idan batir ya yi rauni, domin su tanadi abin tayar da mota. Batir mai lafiya idan mota na kashe yana nuna kusan volt 12.6, idan inji na tafiya kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Wanda bai kai haka ba, ya fara da batir da altaneta, ya bar kujera tukuna. Sannan a gwada da sassafe, a zauna a kai na 'yan mintuna. Kujerar da ta sha ranar Maris a fili ta riga ta wuce zafin da sanso ke nema, don haka ba za ta kunna ba, kuma ba laifinta ba ne. Akwai ma wani abu da ya kan ruɗar da masu Honda. A Accord ɗin 2003 zuwa 2007, waɗanda ake kira EOD da DC, da wasu Honda na wancan zamani, majinginar kujerar mai zaman banza ba ta da hita tun daga kamfani, saboda akwai sanso na iyabag ɗin gefe a cikinta. Mazauni ne kaɗai ke ɗumi. An sha feɗe lafiyayyar kujera ana neman abin da ba a taɓa sakawa ba.

Bayan wannan, yadda matsalar ta bayyana ita ke nuna inda za a dosa. Idan kujerun gaba biyu sun mutu tare, kuma fitilar maɓalli ba ta kawowa, da wuya a ce shimfiɗu biyu sun tsinke rana ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai za a duba, wato fiyus ko rile. Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya a wajen inji, ɗaya a ƙasan sitiyari, kuma a bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna na kowane aiki. Launin ƙananan fiyus yana faɗin ƙarfinsu: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda aka cire, irinsa ake mayarwa, lamba da lamba. Shi kuwa rile, hanya mafi sauƙi ita ce a musanya shi na ɗan lokaci da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon, a ga ko kujera za ta farfaɗo.

A nan ya kamata a dakata, domin a nan aka fi yin ɓarna. Fiyus yakan mutu don tsufa ko girgiza, a sa sabo magana ta ƙare. Amma idan aka sa sabo ya sake ƙonewa, to wata waya ce ke taɓa ƙarfe, ko wani abu na jan wutar da ta fi ƙarfin layin. An yi fiyus da gangan ya zama shi ne mafi rauni a layin, don ya mutu a madadin waya. Wanda ya cire shuɗi ya sa kore, ko ya naɗa jan ƙarfe ko takardar sigari mai ƙyalli, bai gyara komai ba. Ya dai mayar da wayar motar ita ce fiyus, ita kuma idan za ta ƙone a ƙarƙashin kafet da soso take ƙonewa, wuraren da wuta ke so. Batirin mota volt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma yana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin waya guda cikin ƙiftawar ido, ya mayar da ita jajir. Lokacin da fiyus ɗin ke ƙonewa shi ma shaida ne. Idan da an danna maɓalli yake tashi, laifin yana tsakanin maɓalli da kujera. Idan kuwa sai an tura kujera gaba ko baya, ko an faɗa rami, to waya ce ke gogar ƙarfe a ƙasa, irin ta yayana. Titunan cikin unguwanninmu marasa kwalta suna girgiza mota safe da yamma, kuma 'yan robobin da ke riƙe wayoyi a wurinsu sukan bushe su karye da zafin rana.

Idan kujera ɗaya ce ta mutu ɗayar na aiki, an rage nisan tafiya. Fitilar maɓalli na kawowa ta tsaya amma babu ɗumi, mafi yawan lokuta shimfiɗar ce ta tsinke ko soket ya saki. Fitilar ta kawo ta ɗauke da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, to ƙaramin birenbos ɗin ne ya gwada layin ya ga akwai matsala a shimfiɗa ko sanso, ya janye wutarsa. A irin wannan mota kwamfuta tana taimakawa, domin takan ajiye lambar laifin, amma sai babbar kwamfuta mai shiga sassan jikin mota, ƙaramar da ke karanta inji kaɗai ba za ta gani ba. A wasu motocin shimfiɗar mazauni da ta majingina a jere aka haɗa su, wutar sai ta ratsa ɗaya ta shiga ɗayar, don haka tsinkewar guda tana kashe duka biyun. Kada a yarda a sayi biyu kafin a auna kowace daban.

Aunawar da mita ake yi, kuma mai rewayar da ba shi da mita bai kamata ya taɓa wannan aiki ba. A zare soket ɗin hitar, a sa mita a ma'aunin om, a taɓa ƙafafun da ke zuwa shimfiɗa. Lafiyayya takan nuna 'yan om kaɗan. Tsinkakkiya ba ta nuna komai, kamar ba a taɓa ba. Akwai kuma mai wayo, wadda ke nuna lafiya idan babu kowa a kai, ta tsinke da an zauna. Saboda haka a bar mitar a haɗe, wani ya danna mazaunin da tafin hannu wuri-wuri, a ga ko lambar za ta yi tsalle. Shi sanso turjiyarsa dubban om ce, kuma a yawancin motoci tana raguwa idan ya ji ɗumi. Ainihin lambar ta bambanta daga mota zuwa mota, amma mai kujeru biyu yana da abin kwatance a hannu: a auna mai aiki, a auna matacciyar, a gwama. Idan shimfiɗa da sanso duk lafiya, sai a juya ɗaya ɓangaren soket ɗin a ga ko wuta na isowa idan an kunna, a kuma duba wayar at. A haska cikin soket ɗin da tocila. Ƙafar da ta yi baƙi, ko robar da ta narke a gefenta, alama ce ta haɗin da ya yi sako-sako yana zafi. Irin wannan soket sauya shi ake yi, matse shi da fulaya kwana kaɗan yake yi.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. A ƙarƙashin kujerar motar zamani ba wayar hita kaɗai ke akwai ba. Akwai ta injin da ke tura kujera, akwai ta bel, akwai kuma soket mai launin rawaya. Rawaya a wayoyin mota na nufin iyabag da abin da ke fizgar bel lokacin haɗari, kuma a cikinsu akwai sinadarin da ke fashewa da 'yar wuta kaɗan. Fitilar gwaji da masu rewaya ke tsikarar waya da ita, ko mita a ma'aunin om, ba a kai su kusa da wannan soket. Iyabag ɗin gefe a cikin majingina yake, daidai inda kan mai gyara ke kasancewa idan ya sunkuya. Kafin a zare kowane soket a ƙasan kujera ko a kwance ta, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, a jira. Toyota na cewa aƙalla daƙiƙa 90, Honda na cewa minti 3, domin na'urar iyabag tana riƙe da sauran wuta bayan an cire batir. Wanda ya zare soket mai rawayar alhali mota na kunne, fitilar iyabag za ta kama a dashbod, kuma a motoci da yawa ba ta mutuwa sai an sa kwamfuta. Abin takaicin da na sha gani shi ne a cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta da baƙin tef don kada mai mota ya gani. Muddin laifin na nan, iyabag na iya ƙin buɗewa ranar da ake buƙatarsa, kuma duk mai bin titin Kaduna zuwa Abuja ya san irin gudun da ake yi a kansa. Ƙari a kan haka, kujerar mai zaman banza a motocin Amurka da yawa tana da ma'aunin nauyi da ke gane ko babba ne a zaune ko yaro. A Toyota da Lexus da dama, idan aka kwance wannan kujera aka mayar, sai an sake saita ma'aunin da kwamfuta.

Me ke kashe shimfiɗar tun farko? Na ɗaya gwiwa. Wayar an yi ta ne don nauyin mai zama, wanda ke bazuwa ko'ina. Idan mai wankin mota ya durƙusa a kan kujera don ya goge gilashi ta ciki, ko yara suka tsaya a kai suna tsalle, nauyin kan taru wuri guda ya karya ta. Gefen mazaunin direba ta wajen ƙofa, inda ake murzawa wajen shiga da fita, nan ta fi saurin tsinkewa. Na biyu masu kushin. Idan fata ta tsage aka kai a sake mata riga, allura da ƙusoshin da ake kama fata da su sukan huda shimfiɗar, wani ma ya yaye ta ya yar don bai san amfaninta ba, ya bar soket na lilo. Na uku ruwa: wankin cikin mota da tiyo, gilashin da aka manta a buɗe da damina, ledar ruwa da ta fashe. Ƙaramin birenbos ɗin a ƙasa yake, kusa da kafet, kuma kafet na riƙe laima kwanaki. Sai ɓeraye, musamman ga wanda ke ajiye mota kusa da gona ko yake ɗaukar buhun masara da gyaɗa.

Akwai kuma motar da ta zo da ciwonta daga can. Motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka a gwanjon Copart da IAA ake sayensu, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa jihar Texas a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Irin wannan mota za a wanke ta ta yi ƙyalli, amma ƙasan kujera ba ya ɓoye sirri. Tsatsa a kan ƙarfen kujera da notinansa, koren gari a cikin soket, busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet, duk shaidar ruwa ne. Wanda zai sayi tokumbo ya tura kujera baya ya leƙa da tocila kafin ya yi ciniki. Idan ya ga haka, mutuwar hitar kujera somin-taɓi ce.

Matsalar da ta fi damun mutanenmu ma ita ce kishiyar wannan: kujerar da ke zafi ba a nema ba. Mutum na tuƙi a watan Afrilu, esi na aiki, amma bayansa sharkaf da gumi. Sau da yawa maɓallin ne aka taɓa ba a sani ba, musamman irin mai juyawa ko mai dannawa ya tsaya, wanda ke nan a kunne har sai an mayar da shi da hannu. Idan maɓalli a kashe yake amma zafi bai daina ba, rile ne ya liƙe ko birenbos ya lalace. A ƙa'ida hitar ba ta samun wuta idan an zare makulli, don haka ba ta shanye batir da dare. Idan aka tarar da kujera da ɗumi da safe batir kuma ya mutu, ko dai rile ya liƙe, ko wani ya taɓa jawo mata waya kai tsaye daga batir. Mafi hatsari shi ne zafin da ke taruwa wuri guda kamar an ɗora garwashi, ko ƙauri, ko wani tabo mai ruwan ƙasa da ya fito a kan fata. Wannan waya ce da ta kusa tsinkewa, sauran silin da ya rage yana ɗaukar wutar duka. A kashe nan take, a zare fiyus, kada a sake kunnawa sai an sauya shimfiɗar.

Wannan ya shafi lafiya kai tsaye. Fatar mutum na iya ƙonewa da zafin digiri 44 kacal idan ta daɗe a kai na sa'o'i, kuma kujerar da sansonta ya lalace tana wuce haka. Mai lafiya zai ji ya kashe. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsoho, da jaririn da ba ya iya magana, suna iya ƙonewa ba su sani ba. Masu yawan amfani da ita kuma wani lokaci sukan sami tabo a bayan cinya, irin wanda kan fito a ƙafar mai yawan jin wutar kasko da hunturu. Rigar kujera mai kauri ko matashin da ake ɗorawa a kai suna tare zafin a ciki, su sa shimfiɗar ta yi aiki fiye da ƙima.

Wasu manyan motoci kujerunsu na yin sanyi ma, wanda shi ne ya fi mana amfani. Iri biyu ne. Akwai mai fanka kawai, da ke zuƙo ko huro iska ta ƙananan hudojin fata. Akwai kuma mai wata 'yar na'ura da ke yin sanyi a fuska ɗaya zafi a ɗayar, idan aka juya mata wuta ta juya aikin, irin wadda ta fara fitowa a Lincoln Navigator na 2000, ake kuma samu a wasu Lexus da Ford. A irin wannan, ɗumi da sanyi duk daga wuri ɗaya suke fitowa, kuma duk sun dogara da iskar da fanka ke ja daga ƙasan kujera. Ƙurar hunturu, da leda ko takardar da ta shige ƙasa, sukan toshe matatar iskar, na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. Sau tari share ƙasan kujera da kakkaɓe matatar shi ne dukan gyaran.

Idan an tabbatar shimfiɗa ce ta tsinke, gyaran gaskiya shi ne a sauya ta. Wasu kan nemo wurin tsinkewar su murɗa bakin biyu su naɗe da tef. Wannan ƙulli shi ke zama garwashin gobe, a kan soso, a ƙarƙashin mutum. Mai zaren kabon kuwa ba ta ma karɓar dalma. Sabuwar shimfiɗa ba kasafai ake samunta a shagunan kusa ba, sai an tambaya a Zuba ko Apo, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a aika Ladipo a Legas. Sau da yawa samun kujerar tokumbo sukutum ya fi sauƙi. Mai sayen haka ya tabbatar shekara da samfurin sun dace, soket ɗin iri ɗaya ne, iyabag ɗinta bai taɓa fashewa ba, kuma a auna shimfiɗarta da mita a gabansa kafin ya biya. Aikin na mutum biyu ne, mai kushin ya buɗe ya rufe, mai rewaya ya haɗa ya gwada, kuma a gwada kafin a ɗinke.

A ganina, ga mafi yawan masu mota a Garam da kewaye, sanyin mako shida ko takwas bai kai a kashe kuɗin feɗe kujera ba, sai dai ga mai ciwon baya irin yayana. Wanda ba ya buƙatarta yana iya kashe ta cikin aminci: a zare fiyus ɗinta idan an tabbatar ba ta raba shi da wani aiki, ko a cire batir a zare soket ɗin hitar kaɗai, a naɗe shi, a ɗaure shi nesa da ƙarfen da ke motsi. Ba a yanke waya, ba a kuma kusantar mai rawaya.

Wanda ya sayi motarsa a hannun wani, ina roƙonsa ya buɗe akwatunan fiyus ɗinsa biyu yau da rana, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya gwama lambar kowane da zanen da ke bayan murfi. Idan ya ga wanda aka naɗa wa silin waya, ya zare shi kafin ya sake tayar da motar.